Yadda Nake Sa Bushin Tagulla a Ramin Ƙarfe Ba Tare da Guduma Ba

Bushin ɗan guntun bututu ne da ake sawa a ramin ƙarfe don shaf, wato sandar da ke juyawa a inji, ya juya a cikinshi. Bushin da aka sa daidai ba ya son walda, ba ya son kusa ta tokare shi, ba ya kuma son guduma. Matsi kaɗai ke riƙe shi. An sassaƙa shi ya ɗara ramin kauri da ɗan abin da ido ba ya gani, aka tura shi ciki a miƙe, ƙarfen ya damƙe shi. Duk wahalar aikin tana cikin wannan ɗan bambancin, kuma ana gama ta ne tun kafin a kai hannu ga abin matsawa.

Ni shagona a zauren gida yake, nan cikin Katsina wajen Ƙofar Marusa. Kayan aikin ba su da yawa: tsohon injin sassaƙar ƙarfe, diril na tsaye, babban bais, da jak ɗin mota da na yi ma firam. Da kaka aikin bushin ke yawa, lokacin da injinan ɓarar gyaɗa da na sussuka suka fito daga inda suka yi damina, sannan da rani masu lambu na Ajiwa da Jibiya su biyo baya da nasu. Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe don lissafin ya zauna: gidan baƙin ƙarfe mai rami milimita 32, zurfinshi 30, shaf ɗin da zai juya ciki kuma milimita 25. Wanda nashi ya bambanta sai ya sauya lambobin, hanyar dai ɗaya ce.

Fidda tsohon

Idan ramin ya ɓulle gaba da baya, aikin mai sauƙi ne. Ka samu soket ko guntun ƙarfe da ya yi ƙasa da bushin kauri kaɗan, ka sa a baya, a gaba kuma ka tara guntun bututu da ya fi bushin faɗi, ka matse su a bais. Zai fito ya faɗa cikin bututun. In ya ƙi motsi, ka zura bakin zarton yanka ƙarfe ta cikin ramin, ka tsaga jikin bushin a tsaye har ya rage ɗan siriri, sai ka lanƙwasa gefen tsagar zuwa ciki. Da ya tsage matsin ya tafi, da yatsa ma sai ya fito. Abin kiyayewa shi ne haƙoran zarton kada su taɓa ƙarfen gidan.

Wanda ke ba yara wahala shi ne ramin da ba ya ɓulle ba, inda babu ta bayan da za a turo shi. Nan giris ke aiki. Ka cika ramin da giris taf, ka danna shi da yatsa kada iska ta rage a ciki. Ka samu sandar ƙarfe da ta shiga cikin bushin cif ba tare da girgiɗi ba, in babu ka sassaƙa, ba ya ɗaukar lokaci. Ka naɗe bakin wurin da tsumma, ka sa sandar, ka buga ƙarshenta da guduma. Giris ɗin ba ya da inda zai bi sai ƙarƙashin bushin, sai ka ga bakin tagullar ya ɗago kaɗan sama da fuskar ƙarfen. Ka ƙara giris, ka sake bugawa, a hankali zai taso har ka kama shi da filaya. Nan ne kaɗai guduma ke da gurbi a wannan aikin, kuma sanda take bugu, ba bushin ba. Tsumman nan kada a raina shi, in sandar ta yi sako-sako giris na iya feso maka a ido.

Bayan nan a wanke ramin da kananzir, a goge da tsumma mai tsabta, a shafa yatsa a bakin ko akwai kaifi ko tudu. In akwai a kwantar da shi da ƙaramin magagari.

Awo

Maikiromita na milimita, wato ma'aunin kauri da ake murɗawa, yana da layi 50 a jikin abin murɗawarshi, kowane layi ɗaya 0.01 na milimita ne. Da wannan layin zan riƙa magana daga nan. Gashin kan mutum yana kai layi 5 zuwa 10, matsin da muke nema kuwa layi 3 ne. Don haka baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, ko da mai batir ce, ba ta isa wannan aikin ba. Takan nuna lambobi biyu bayan ɗigo, amma ka auna rami ɗaya sau uku da ita ka gani ko za ta ba ka amsa ɗaya.

Cikin rami ana auna shi da ma'aunin nan mai ƙafa biyu da sifirin, wanda ake matsewa a zura, a sake shi ya taɓa bango biyu, a kulle, a fiddo a karanta da maikiromita. Yana son hannu. Ka sa shi a ɗan karkace, ka kulle ba da ƙarfi ba, ka jawo hannunshi sau ɗaya ya wuce ta tsakiya, ka fiddo. In ka kai shi ka dawo da shi, awon ya ɓaci. Ina auna wuri shida: baki, tsakiya da ƙasa, kowanne a tsaye da kuma a kwance. In rubuta su da alli bisa tebur, don kai ba ya riƙe lambobi shida masu kama da juna.

Wanda ba ya da wannan ma'aunin ba sai ya tsaya ba. Ya ɗauki guntun ƙarfe ya sassaƙa mashi hawa-hawa: 31.98, 32.00, 32.02, 32.04, kowane hawa tsawon milimita 5 ko 6. Ya gwada a ramin. Hawan da ya shiga da ɗan turawa, na gabanshi kuma ya ƙi, shi ne faɗin ramin. Sai dai wannan ba zai nuna maka ko ramin ya zama ƙwai ba, don gefen da ya fi matsewa kaɗai yake ji.

Su lambobi shidan nan ne ke faɗin mataki na gaba. In sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce layi 1 ko 2 ba, a ci gaba. In tsohon bushin ya daɗe yana juyawa a ciki har ramin ya buɗe ta gefe ɗaya, ko bakin ya fi ƙasan faɗi, to sai an ɗaura gidan a inji an share ramin ya koma da'ira, ko da zai tashi 32.5 ko 33. Ai kai ke yin bushin, girman da ramin ya zama shi za ka bi. Bushin mai da'ira in ya shiga ramin da ba da'ira ba, siffar ramin yake ɗauka, shaf ɗin kuma ya riƙa kamawa a gefe biyu.

Ƙa'idar matsi da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin ramin. Rami 32, matsi 0.03. Rami 50, matsi 0.05. Littattafan awo na ISO ma kusa da nan suke kaiwa: a girman da ke tsakanin 30 da 50, ramin da suke kira H7 daga 32.000 zuwa 32.025 yake, kaurin da suke kira p6 kuma daga 32.026 zuwa 32.042, s6 mai tsananin matsi daga 32.043 zuwa 32.059. Waɗannan na masana'antar da ke yin dubbai ne, inda kowane bushin sai ya dace da kowane rami. Kai da ke da rami ɗaya a gabanka ka fi su sauƙi. Ka auna shi, ka ƙara layi 3. In ramin ya tashi 32.01, bushin 32.04. In gidan zubin ƙarfe ne ko jikinshi ba kauri, nakan rage zuwa layi 2, don zubi ba ya miƙewa, tsagewa yake yi.

A auna shaf ɗin shi ma, daidai inda yake kwanciya cikin bushin. Mutane kan manta da shi. In ya yi zobe-zobe ko ya cinye ta gefe ɗaya, sabon bushin ba zai yi wata guda ba. A share shi a inji ya yi sumul, ko da ya koma 24.5, sai a yi cikin bushin daidai da shi.

Wane ƙarfe

Tagullar bushin ta ainihi, wadda ake kira SAE 660, haɗin jan ƙarfe ne wajen kashi 83, kuza 7, darma 7, tutiya 3. Darmar ce ke sa ta santsi in mai ya yi ƙaranci. Launinta ja-ja ne. Abin da aka fi kawo mani da sunan tagulla kuwa biras ne, mai ruwan ɗorawa, irin na kan famfo, wanda jan ƙarfe ne da tutiya. Yana sassaƙuwa da daɗi, yana kyalli, mai kaya ya tafi yana murna, amma bai kai tagulla jure gogayya ba. Ga abin da ke juyawa a hankali da ɗan nauyi zai yi. Ga shaf ɗin da bel ke ja yini guda, ban yarda da shi ba. Ni a wajen 'yan gwangwan nake tsintar tsofaffin bushin na manyan motoci da tarakta in sassaƙo ƙanana daga cikinsu, in kuma wani zai shiga Kano in ba shi saƙon sanda daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. In tagulla ta gagara, zubin ƙarfe ya fi biras a wurin da ake ba da mai kullum. Baƙin ƙarfe bisa baƙin ƙarfe ne dai ban taɓa ba kowa shawara ba, cinye juna suke.

Akwai kuma bushin da ake sayarwa a game, wanda aka yi da garin tagulla aka matse, jikinshi duk ƙananan ƙofofi ne cike da mai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinshi. Irin na cikin fanka da kik ɗin mota. Wannan ba a wanke shi da fetur, ba a gasa shi, ba a goge cikinshi da sanfefa, don ƙofofin toshewa suke man ya daina fitowa. Kuma kada a aje shi bisa kwali ko tsumma, tsotse man suke yi.

Sassaƙa

Ka ɗaura sandar tagulla, ka bar abin da ya fito ya ɗara tsawon bushin. Ciki da waje duka a ɗauri ɗaya za a yi su, ba a kwancewa sai an gama, ta haka ne ramin ciki zai zauna tsakiyar na waje. Ba a yanke bushin tukuna sannan a kama shi da haƙoran inji, jikin milimita 3 da rabi ba ya jure wannan matsin. Zai yi da'ira yana ɗaure, da ka kwance ya koma mai kusurwa uku. Wuƙa ta zama mai kaifi, samanta a kwance, in ta cika tsini tagulla jan ta take ciki.

Ka fara da huda cikin, ka share shi zuwa 24.7 ko 24.8, ka tsaya nan. Dalili yana zuwa. Sannan ka sauko da waje zuwa wajen 32.3, ka kashe inji, ka tafi ka yi wani abu.

Wannan tsayawar ita ce yara suka fi ƙi. Akwai ranar da yaron shagona ya iske ni ina zaune aiki na ɗaure a inji, mai kaya kuma na jira a ƙofar zaure. Ya ce, "Maigida, saura yanka ɗaya fa, ga Alhaji na ta duba agogo." Na ce mashi ya ɗora bayan yatsanshi bisa tagullar. Ya janye da sauri. Na ce, "To je ka gaya ma Alhaji ya yi haƙuri, bayan la'asar zai amshi kayanshi." Ga lissafin: tagulla tana buɗewa wajen kashi 18 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya na zafi, baƙin ƙarfe wajen 12. Bushin milimita 32 da ya ɗara ɗakin zafi da digiri 40 ya kumbura da 0.023. In ka auna shi a haka ka ga 32.04, da ya huce 32.017 ne a hannunka, a ramin 32.01 matsin layi 3 ya koma ƙasa da layi 1. Haka in an bar gidan ƙarfen a rana tsakar gida cikin watan Afrilu, aka auna shi da zafinshi. Gidan, bushin da maikiromita duk su zauna inuwa ɗaya har hannu ya ji su daidai, sannan a yarda da lamba.

In ya huce, sai a ida da ƙananan yanka. A auna bayan kowane ɗaya. Tsohon inji irin nawa ba kullum yake cire abin da aka murɗa mashi ba, don haka layi 2 na ƙarshe nakan maimaita yankan ba tare da na ƙara komai ba, wuƙar takan ɗauko ɗan abin da ya rage. Jikin ya fito sumul. In ya fito da zane mai zurfi, maikiromita kan tudun zanen yake aunawa, su kuma tudun gogewa suke wajen shiga, matsin ya ragu.

Kafin a yanke, a yi ma bakin da zai fara shiga ɗan gangare mai laushi, wajen digiri 15, tsawon milimita 1 da rabi zuwa 2. Wani abu da nake yi, milimita 2 na farko nakan rage su su yi daidai da faɗin ramin, ta yadda bushin zai zauna da kanshi a miƙe kafin matsi ya fara. Bakin ramin ƙarfen shi ma a kashe mashi kaifi, in ba haka ba fere tagullar zai riƙa yi tana shiga.

Shigarwa

Hanyar da na fi so ba ta buƙatar komai sai doguwar sanda mai zare M16, wato mai kaurin milimita 16, noti biyu, da washa masu kauri. Ƙarfin da bushin irin namu ke nema bai cika wuce tan ɗaya ba, M16 kuwa ta fi ƙarfin haka. A sassaƙa ɗan maturi mai hawa biyu: siririn gefen ya shiga cikin bushin da ɗan sarari, kafaɗarshi ta kwanta bisa fuskar bushin gaba ɗaya, tsakiyarshi da hudar da sandar za ta wuce. A bayan gidan a sa faranti mai kauri da ya kwanta daram. Da wannan maturin ƙarfin ke bazuwa daidai a zagayen bakin. Guduma kuwa gefe ɗaya take sauka, ta buɗe bakin tagullar, ta karkatar da shi, mai bugu ya koma ɗaya gefen don ya gyara, bushin ya riƙa shiga yana rangaji yana fere jikinshi.

In gidan yana da hudar mai, a duba ta yanzu. Ko dai a huda bushin tukuna a ja layi da maka don hudojin su haɗu, ko, abin da ya fi sauƙi, a bari sai ya shiga a bi ta hudar gidan da diril. A shafa baƙin mai kaɗan a ramin da jikin bushin.

A ɗaure notin da hannu har komai ya tsaya, a juya da sifana zagaye ɗaya, a tsaya. A duba ta gefe biyu, ko a auna abin da ya rage a waje da baniya wuri huɗu. In gefe ɗaya ya ɗara, a fiddo a sake zaunar da shi, yanzu ne gyara ke da arha. In daidai yake, a ci gaba ba tsayawa. Hannu zai ji nauyin na ƙaruwa a hankali yayin da yake nitsewa, wani lokaci da 'yar ƙara ƙas-ƙas, wannan ba komai. Abin da ke nuna matsala shi ne sifana ta yi nauyi farat ɗaya tun bai kai rabi ba, ko ka ga siririn zaren tagulla na naɗowa a bakin ramin. To a tsaya a fiddo, ko ya karkace ko matsin ya yi yawa. In kuma ya shige da yatsa biyu bisa sifana, matsin bai isa ba, kada ka yaudari kanka.

Ƙananan bushin bais ya ishe su, a sa farantai masu laushi a haƙoranshi. Manya kuma jak da firam. Mai amfani da jak ya sa tabarau, ya kuma kauce ma saitin abin, don guntun ƙarfen da aka jera a karkace in ya kuɓuce ƙarƙashin tan biyu ba ya sallama. Kuma tunda zancen ya zo, ba a tsayawa gaban injin sassaƙa da hannun kaftani a sake.

In ramin ba ya ɓulle ba, a tabbata iska da mai suna da hanyar fita, in ba haka ba za su taru a ƙasa su hana shi kaiwa.

Akwai hanyar zafi da sanyi, wadda nake bi in gidan ba ya da siffar da za a matse shi, ko ina tsoron ya tsage. Ba sai an nemi wutar walda ba. Tukunyar ruwa bisa kurfoti ta isa, kuma tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka ba za ka ƙona ƙarfen ba. A ce ɗakin na digiri 35. Gidan da ya dahu cikin ruwan ya ƙaru da digiri 65, ramin ya buɗe da 0.025. Bushin kuma a ƙulle shi cikin leda a binne a ƙanƙarar da aka sayo wajen masu sayarwa, ya sauka da digiri 35, ya tsuke da 0.020. An samu 0.045 ke nan, matsin kuwa 0.03 ne, saura layi 1 da rabi na sarari. Mai firiza da wuta tsayayya zai samu fiye da haka, don takan kai digiri 18 ƙasa da sifiri. A fiddo gidan, a goge ramin, ragowar ruwan zai bushe nan take, a ɗauko bushin da maturinshi a tura shi tashi ɗaya. Daƙiƙoƙi kaɗan gare ka. Da tagullar ta taɓa ƙarfe mai zafi kumbura take, in ka yi jinkiri ta kama a rabin hanya. Shi ya sa sanda da noti su kasance a kusa, a ida da su. Wanda ya gasa da wuta kai tsaye, da ya ga ƙarfen ya fara ruwan ƙasa-ƙasa ya wuce digiri 200, in ya yi shuɗi ya kusa 300, duk sun zarce abin da aikin ke nema.

In bushin sayayye ne ya zo ya yi sako-sako da ɗan kaɗan, akan ga an bubbuga cikin ramin da fonci don ya yi tudu-tudu, ko an naɗa yankin gwangwanin madara. Zai kai mutum gida in a daji ya lalace mashi, wannan gaskiya ne. Amma tudun fonci kwanciya suke cikin 'yan kwanaki, ramin kuma an ɓata shi. Maganin da ya fi shi ne gam ɗin riƙe ƙarfe irin su Loctite 638 ko 603, in sararin bai wuce layi 10 ba. Kafin a shafa shi a wanke fuskokin biyu su bushe, a kuma bar shi ya kwana kafin a ɗora mashi nauyi. In ya wuce haka a sassaƙa sabo.

Cikin bushin

Yanzu ga dalilin da na ce a bar cikin a 24.7. Ƙarfen gidan ya fi tagulla tauri da kauri, don haka in an matse su, tagullar ce ke ba da kai, kuma ciki take tsukewa. A misalinmu, matsin 0.03 zai rage cikin bushin da wajen 0.025. Wanda ya gama cikin tun a inji, ya gwada shaf ya ga yana juyawa da daɗi, bayan ya shigar sai ya iske shaf ɗin ya ƙi shiga, ya hau neman sanfefa a naɗe a sanda. Sanfefa kuwa baki biyu take buɗewa ta bar tsakiya, ta kuma bar yashinta cikin tagullar ya riƙa cin shaf.

In gidan na ɗauruwa a inji, a ɗaura a daidaita shi a share cikin da wuƙa, wannan ya fi komai. In ba ya ɗauruwa, sai rima ta hannu, wato sanda mai haƙora da ake murɗawa ta share cikin rami. Mai buɗewa da noti ta fi amfani a shago irin namu, a riƙa ƙara mata layi 2 ko 3 a kowane wucewa, ana gwada shaf. Rima gaba kawai take juyawa, har wajen fiddo ta, in aka juya ta baya bakinta ya dakushe. In bushin biyu ne a layi ɗaya shaf ɗaya zai ratsa su, a yi su tare da rima mai dogon jagora, don kowanne na iya yin daidai shi kaɗai amma su ƙi kallon juna. In kuwa babu yadda za a yi a taɓa cikin bayan shigarwa, to tun a inji a ƙara wannan 0.025 bisa sararin da ake so.

Sararin juyawa ga shaf 25 layi 3 zuwa 5 ne, wato cikin ya tashi 25.03 zuwa 25.05. Ga injin da ke gudu yana zafi nakan karkata ga 5, don tagulla ta fi ƙarfen da ya kewaye ta kumbura, ba ta da wurin zuwa sai ciki. Da ɗan mai a jiki, shaf ɗin ya shiga da turawar hannu, ya juya da yatsu, in ka girgiza shi gefe da gefe ka ji kamar akwai kamar babu. In yana kamawa wani wuri, ka shafe shi da maka, ka sa ka juya, inda tawadar ta goge nan ne tudun.

Hanyar mai a cikin bushin a yanka ta a gefen da nauyi ba ya kwanciya. In bel na jan shaf ɗin ƙasa, a yi ta sama. Kada ta kai bakin bushin, a bar milimita 4 ko 5 kowane gefe don mai ya tsaya ciki. A kashe kaifin gefenta da na hudar, a wanke garin tagullar tas da kananzir.

Bayan an haɗa, a tada injin ba kaya minti 10 zuwa 15, ana taɓa gidan da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. In ya kai hannu ba ya iya zama, a kashe a ƙara sarari layi 1 ko 2. Kafin a tada nakan ja layi da maka ya ratsa bakin bushin da fuskar gidan, in an kashe in duba, in layin ya rabu to bushin na juyawa a raminshi, aikin sai an sake. Ƙurar hunturu da ta gyaɗa kuma in suka haɗu da giris sun fi komai cin tagulla, don haka in da wuri nakan yanka washa ta fata ko tsohon bel in sa kowane gefe ta tare bakin. Mai injin kuma in gaya mashi ya riƙa ba shi giris kowace safiya kafin ya tada, ya matsa har tsohon baƙin ya fito ta gefe, ya goge shi da tsumma.